Raba intanet daga laftof ko sayen rauta: wanne ya fi dacewa da ƙaramin ofis?

Malam, ka ce kana da laftof mai Windows da modem na USB wanda kake saka wa data ta wata-wata, kuma a ɗan ofishinku na buga takardu akwai wayoyi huɗu da kwamfutar hannu ɗaya da kake son su ma su samu intanet. Kana tambaya ko ka sa laftof ɗin ta riƙa raba musu ta Wi-Fi, ko kuwa ka sayi rauta, wato na'urar raba Wi-Fi, ko MiFi, wato ƙaramar rauta mai batir, ka mayar da layin can. A ganina, laftof tana da amfani a wurin da intanet ba shi da wata ƙofar shigowa sai ta jikinta, ko kuma lokacin da buƙatar ta ɗan lokaci ce, amma idan abin na kullum ne, daga safe zuwa yamma, rauta ta fi ta nesa ba kusa ba. Ga dalilaina, tare da wuraren da laftof ɗin ke da rinjaye.

A asali aikin da su biyun suke yi iri ɗaya ne. Kamfanin sadarwa yana ba layinka adireshi guda, sai na'urar da ke rabawa ta ƙirƙiri wani ƙaramin netwok na cikin gida, ta ba kowace waya adireshinta, ta riƙa karɓar saƙonninsu tana fitar da su da sunanta, idan amsa ta dawo kuma ta miƙa wa mai ita. A Windows adireshin wayoyin yana farawa da 192.168.137, ita kuma laftof ɗin tana riƙe da 192.168.137.1. Saboda haka babu ɗayansu da ke ƙara wa intanet gudu. Abin da layin ke bayarwa shi za a raba, mutum biyar su yi amfani da abin da a da kai kaɗai kake amfani da shi.

Ta fuskar kuɗi da sauƙin farawa, laftof ce a gaba, domin ba za ka sayi komai ba. Tun sabuntawar da Microsoft ya yi wa Windows 10 a watan Agustan 2016 aka saka wannan aikin a cikin saiti, kuma yana nan a Windows 11. Ka buɗe Settings, ka shiga Network & Internet, ka zaɓi Mobile hotspot, ka nuna hanyar da intanet ke shigowa, ka sa suna da kalmar sirri wadda ba ta gaza harafi 8 ba, sannan ka kunna. Kafin wannan lokacin, a zamanin Windows 7, sai mutum ya rubuta umarnin netsh da hannu ko ya sauke manhaja irin su Connectify, kuma har yanzu za ka ci karo da tsofaffin bayanai da ke koyar da wannan hanyar. Kada ka ɓata lokaci a kansu, domin yawancin sababbin katunan Wi-Fi sun daina karɓar wancan tsohon tsarin.

Akwai tarko guda da ya shafe ka kai tsaye, tunda modem kake amfani da shi. Wasu tsofaffin modem suna haɗawa ne ta manhajarsu ta kansu, wadda sai ka danna mata maɓalli kafin ta kira layi, kuma irin waɗannan sau da yawa Windows ba ya lissafa su a cikin hanyoyin da zai iya rabawa, sai ya ce maka ba ka da intanet alhali kana kan shafi kana karatu. Modem ɗin da ke buɗe shafinsa a burauza, wanda kwamfuta ke kallonsa tamkar kebul, ba ya kawo wannan matsalar. Ka gwada naka tukuna kafin ka gina shiri a kansa.

Ga 'yan'uwa masu wasu kwamfutocin, a Mac ana samun abin a ƙarƙashin Sharing da sunan Internet Sharing, a Ubuntu kuma yana cikin saitin Wi-Fi. Bambancin da ya kamata a sani shi ne Windows yana iya karɓar intanet ta Wi-Fi ya kuma raba shi ta Wi-Fi da kati ɗaya, amma Mac ba ta yin haka, sai intanet ɗin ya shigo mata ta kebul ko ta wayar da aka jona da USB, kuma Ubuntu ma idan ka kunna rabawa ta hanyar da aka saba yana sauka daga Wi-Fi ɗin da yake kai. Ko a Windows ɗin, idan kati ɗaya ne ke karɓa yana bayarwa, gudun yana raguwa sosai, domin ba ya iya sauraro da magana a lokaci guda.

Inda rauta ta fara nuna fifikonta shi ne zaman lafiyar haɗin. Laftof an yi ta ne don ta bi mai ita, kuma an tsara ta ta riƙa barci idan an bar ta domin ta tattala batir. Da zarar ka rufe murfinta, ko ta yi barci, ko ta sake tashi bayan wata sabuntawa, intanet ɗin kowa ya yanke. Windows kuma yana da wani saiti da ke kashe rabawar da kansa idan aka ɗan jima babu na'urar da ke haɗe, kuma idan aka kashe kwamfutar aka kunna, rabawar ba ta dawowa sai an je an sake danna ta. Ana iya gyara wasu daga cikin waɗannan: ka kashe saitin tattalin wuta na rabawar, ka shiga saitin wuta ka ce kada ta yi barci idan tana caji, ka ce kada ta yi komai idan an rufe murfi. Amma babu saitin da zai gyara babbar matsalar, wato ranar da za ka ɗauki laftof ɗinka ka tafi banki ko taro, ofishin gaba ɗaya zai zauna babu intanet har ka dawo. Rauta kuwa ana jona ta a bango a manta da ita, idan wuta ta ɗauke ta dawo, ita ma ta tashi ta ci gaba da aikinta ba tare da kowa ya taɓa ta ba.

Maganar wuta ba ƙarama ba ce a wajenmu. Ka duba cajar laftof ɗinka, mai yiwuwa za ka ga an rubuta wat 45 ko 65, alhali cajar ƙananan rautoci da yawa bolt 12 ce da amfiya 1, wato iyakarta wat 12. Laftof ba kullum take jan duk abin da aka rubuta a cajarta ba, amma duk da haka tazarar tana da faɗi, kuma wanda ke lallaɓa inbata ko ƙaramin sola ya san bambancin. MiFi tana da batirinta na 'yan sa'o'i, kuma fawa banki na iya riƙe ta. Gaskiya ne cewa laftof ma tana da batir, kuma idan dama a kunne take duk yini saboda aiki, abin da rabawar ke ƙarawa ba shi da yawa. Damuwar ita ce idan ka wayi gari kana barin ta a kunne don intanet ɗin wasu kawai, a cikin zafin watan Afrilu, ga ƙurar hunturu da ta riga ta taru a fankarta, ga modem yana zafi a gefenta. Batirin da ke zaune a cike yana kuma shan zafi yana saurin lalacewa, kuma kuɗin sabon batir na iya kusantar kuɗin rautar da ka ƙi saya.

A kan yawan na'urori, Windows yana karɓar 8 ne kawai a lokaci guda. Ku biyar ne, don haka ya ishe ku a yanzu, sai dai ka tuna cewa idan kowa yana da waya biyu gurbin ba zai ishe ku ba, idan kuma aka ƙara firinta mai Wi-Fi ya kusa cika. MiFi da yawa suna ɗaukar 10 zuwa 16, rautocin gida kuma sukan kai 32. Nisan da siginar ke kaiwa ma ba ɗaya ba ne, domin eriyar laftof an yi ta ne don ta kama sigina, tana ɓoye a bayan allo, a kan teburin da kake zaune. Rauta kana iya ɗora ta a kan taga ko a saman kabad inda sabis ya fi ƙarfi, kuma wannan kaɗai yana iya sa layin da ke jan ƙafa ya gyaru. Idan da laftof za ka ci gaba, ka sayi dogon kebul na USB ka kai modem ɗin bakin taga. Ka kuma zaɓi zangon 2.4 GHz maimakon 5 GHz, domin ya fi ratsa bango, kuma wasu wayoyi masu sauƙin kuɗi ba sa ganin na 5 ɗin kwata-kwata, abin da ke sa mutum ya yi ta neman sunan Wi-Fi a wayarsa bai gani ba ya ɗauka saitin ne ya ƙi.

Ta wajen iko da masu shiga, Windows yana nuna maka sunan kowace na'urar da ta haɗu da adireshinta, amma bai ba ka maɓallin korar ɗaya ka bar sauran ba. Idan kalmar sirri ta fita, kuma a layin shaguna takan fita, sai dai ka canza ta kowa ya sake shiga. Rauta tana da shafin gudanarwa da ake buɗewa a burauza, inda za ka iya toshe wayar da ba ka sani ba, ka ga yawan datar da aka ci, a wasu ma ka ware wa baƙi nasu netwok ɗin daban. Sai dai wannan shafin yana zuwa da kalmar sirrin masana'anta wadda take rubuce a jikin na'urar, kuma wajibi ne ka canza ta a ranar farko. Akwai kuma wani abin lura: laftof ɗin da ke ɗauke da takardun kwastomominka ita ce za ta zama ƙofar da kowace waya ke bi, don haka idan kana da foldojin da ka buɗe don rabawa, ka duba su kafin ka ba baƙo kalmar sirri.

Abin da na fi so ka mai da hankali a kai, wanda ya shafi hanyoyin biyu daidai wa daida, shi ne yadda data ke ƙarewa. Waya idan tana kan datar layinta tana kame kanta, amma da ta ga Wi-Fi sai ta ɗauka kyauta ne. Nan take Play Store zai fara sabunta manhajoji, WhatsApp ya sauke bidiyoyin da suka taru a zauruka, hotuna su fara hawa Google Photos ko iCloud, YouTube kuma ya ɗaga ingancin hoto. Duk wannan yana faruwa ne waya na cikin aljihu, mai ita bai san ana yi ba, kuma idan ka tambaye shi zai rantse bai kalli komai ba, gaskiya kuma ya faɗa. Tun da hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, wannan ɓarnar ta ƙara tsada. Maganinta a wayoyin ake yi, ɗaya bayan ɗaya. A Android ka shiga bayanan wannan Wi-Fi ɗin ka sa waya ta ɗauke shi a matsayin mai awo, wato metered, a iPhone ka kunna Low Data Mode a kansa, a WhatsApp kuma ka hana sauke bidiyo kai tsaye ko da a kan Wi-Fi. Ita ma laftof ɗin ka kunna mata Metered connection domin Windows ya rage sauke manyan sabuntawa, kuma wannan ya fi zama dole idan ka koma rauta, domin a lokacin ita ma za ta ɗauka Wi-Fi ɗin kyauta ne.

Duk da haka akwai wuraren da rauta mai sim ba za ta yi maka komai ba, laftof ce kaɗai mafita a hannu. Misali ɗakin otal ko ofis da ke da kebul ɗaya a bango babu Wi-Fi, ko Wi-Fi na makaranta ko wurin taro da ke ba mutum izinin na'ura ɗaya tak. A irin wannan hali laftof tana shiga, wayarka kuma ta bi ta bayanta, netwok ɗin yana ganin na'ura guda. Amma ka tambayi masu wurin tukuna, musamman a ma'aikata, domin buɗe Wi-Fi a kan netwok ɗin ofis ba tare da izini ba laifi ne a dokokin wurare da yawa, kuma duk abin da aka yi ta wannan ƙofar da sunanka za a rubuta shi. Ka kuma sani cewa kunna VPN, wato manhajar da ke ɓoye zirga-zirgarka a intanet, a laftof ba ya nufin wayoyin da ke bin ta sun shiga cikinsa, sai an saita hakan musamman.

Shawarata gare ka ita ce ka yi mako guda kana rabawa da laftof, tunda ba ta cin ko kwabo, ka ga yawan datar da ku biyar kuke ci da kuma ko layin yana ɗaukar ku. Idan yana ɗauka, ka sayi rauta mai shiga wuta idan ofis kaɗai za ta zauna, ko MiFi idan kana son ka riƙa tafiya da ita gida. Kafin ka biya, ka tambaya ko a buɗe take, domin waɗanda kamfanonin sadarwa ke sayarwa da rahusa yawanci a kulle suke ga layinsu kaɗai. Ka kuma gwada layukan MTN da Airtel da Glo da waya a cikin ofishin, a daidai lokacin da kuka fi aiki, domin layin da ke gudu a gidanka yana iya kasawa a tsakiyar kasuwa da tsakar rana, kuma idan ka sayi kullalliyar rauta a kan layin da ba ya kamawa a wurin, ba za ka iya canza mata sim ba.