Sharhi kan hawan Dutsen Rinjani: na biya kuɗin sauka tafki, aka tsayar da ni a sama

Abin da ya sa na zaɓi tsari mai tsada a wajen kamfanin da ya shirya mana hawan Dutsen Rinjani, a tsibirin Lombok na ƙasar Indonesiya, shi ne tafkin Segara Anak, wanda ke kwance cikin wani makeken rami a saman wannan dutse mai aman wuta. Ƙololuwar dutsen mai tsayin mita 3,726 ba ita ce babban burina ba. Sauka zuwa bakin tafkin, da kwana a gefensa, da shiga ruwan ɗumin da ke ɓuɓɓugowa kusa da shi, su ne abubuwan da aka rubuto mini dalla-dalla ta WhatsApp, kuma sai da na gan su a rubuce sannan na tura kafin alƙalami. Tafkin dai na gan shi daga sama, amma ƙafata ba ta taɓa ruwansa ba.

Tun a ƙauyen Sembalun, inda ake fara tafiya, na ga alamar da ba ta kwanta mini a rai ba, domin an haɗa mu da wani ayari da ba a taɓa ambata mana shi ba, kuma ɗan jagora ɗaya aka ba mu gaba ɗaya. Da na tambayi mai kamfanin, sai ya yi murmushi ya ce kada in damu, komai yana nan yadda muka yi. Hanyar tana farawa da fili mai ciyawa da zafin rana, sannan ta miƙe cikin tuddai masu tsauri waɗanda da ka gama ɗaya wani ke jiranka, har muka isa Plawangan Sembalun, sansanin da ke leɓen ramin dutsen a tsayin mita 2,639, ana dab da magariba.

A nan dole in faɗi gaskiya, ban taɓa ganin wuri irin wannan ba. Tafkin yana kwance can ƙasa, ya lanƙwashe kamar jinjirin wata, ruwansa shuɗi mai duhu, kuma a gefensa ga ƙaramin dutsen Barujari ya tsiro baƙi ƙirin daga cikin ramin, dutsen da har a shekarar 2016 ya yi aman wuta. Shi kansa ramin ya samu ne daga fashewar Samalas, wani tsohon dutse mai aman wuta da ke wurin a da, a shekarar 1257, kuma duk wanda ya tsaya a leɓensa ya dubi faɗinsa zai yi tasbihi ba tare da an ce ya yi ba. Hawan ƙololuwa kuwa da misalin ƙarfe biyu na dare aka fara shi, cikin sanyi mai ratsa ƙashi, a kan tsakuwa da toka masu zamewa waɗanda ke mayar da mutum baya a kowane taku. Da gari ya waye mun hango Dutsen Agung na tsibirin Bali, kuma na yi wa Allah godiya da Ya kai ni.

Bayan mun sauko sansani mun karya kumallo, ina ɗaure jakata domin gangarawa tafki, sai ɗan jagoran ya zo yana sunkuyar da kai ya ce Sembalun za mu koma. Dalilinsa shi ne mafi yawan mutanen ayarin gajeren tsari suka biya, shi kuma ba zai iya raba kansa biyu ba, sannan abincin da kamfani ya ba 'yan dako ba zai kai mu tafki mu dawo ba. Ma'ana, tun kafin mu bar ƙauye an riga an yanke cewa ba za mu sauka ba, aka bar mu muna ta lissafin abin da ba zai yiwu ba. Na kira mai kamfanin daga wurin da waya ke ɗan kamawa, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ina tsaye ina kallon wasu ayarin suna gangarawa ta hanyar da na biya kuɗinta, har ina hango tantunan da aka kafa a bakin ruwan.

Da don 'yan dako kaɗai zan yi wannan sharhi, da yabo zalla zan rubuta. Mutane ne da ke ɗaukar kwanduna biyu a sandar gora bisa kafaɗa, da tanti da tukunyar gas da ruwa da ayaba, da yawansu sanye da silifas, amma su riga mu isa su dafa shinkafa da shayi mai zafi. Musulmi ne kamar yawancin mutanen Lombok, saboda haka batun halal bai taso ba. Wani dattijo a cikinsu da ya ga ina shirin yin taimama saboda ƙarancin ruwa, ya sauka zuwa maɓuɓɓugar da ke ƙasan sansani ya cika mini gora, ya nuna mini alƙibla, muka yi jam'i a kan tabarmar tanti iska na kaɗa mu. Wannan karamcin ya sanyaya mini zuciya, har na fara tunanin in yafe abin da ya faru in ba kamfanin maki mai kyau.

Sai dai a hanyar dawowa ne na lura cewa adadin 'yan dakon bai dace da yawanmu ba, wato an ƙara mutane ba a ƙara masu ɗaukar kaya ba, kuma kafaɗar dattijon nan ta yi ja ta saɓule inda sandar ke zama. Daga nan sauran abubuwan suka dawo mini: zif ɗin tantina da ya lalace na kwana iska na shiga, da fitilar goshi da aka ce za a ba ni ba a ba ni ba, da ledar shara da na ga an tura bayan wani dutse maimakon a sauko da ita. Kamfanin da ya ci kuɗin tafki bai kai ni ba, ya kuma ɗora wa bayin Allah kayan da ya fi ƙarfinsu, bai cancanci a yaba masa saboda kirkin mutanen da yake cuta ba.

Na nemi a mayar mini da bambancin kuɗin tsarin biyu, aka ce za a duba, kuma har yanzu saƙonnina ana karantawa ba a amsawa. Duk wanda zai hau Rinjani saboda tafkin, ya sa a rubuta masa yawan mutanen ayarinsa da yawan 'yan dako, ya tabbatar kowa a ayarin tsari ɗaya ya biya, kada kuma ya cika ragowar kuɗi sai ya ga ɗan jagoransa ido da ido a Sembalun ya ji daga bakinsa cewa za a sauka Segara Anak. Tukuicin 'yan dako kuwa ya damƙa musu hannu da hannu, kada ya bi da shi ta ofis.