Kwana biyu a gonar farautar talotalon daji a arewacin Misuri: dattijon ya ci kuɗinsa halak, masu wurin kuwa da sauran magana

Tun da na saka hoton talotalon dajin da na harbo a jihar Misuri ta Amurka mutane suke ta tambayata yadda farautar ta kasance, to ga bayani. Ni da ƙanina muka je, a makon farko na buɗe farautar, wanda a Misuri yake farawa ranar Litinin ta uku a watan Afrilu. Kun san irin wuraren nan: su karɓi hayar gonakin manoma, su ba ka masauki da abinci da jagora, kai kuma ka zo da lasisinka da bindigarka.  Kwana biyu muka biya, amma a gaskiya kwana ɗaya muka samu, kuma har yau in na tuna safiyar farko sai raina ya sosu.

Ƙarfe huɗu da rabi muka fita. Jagoran da aka haɗa mu da shi wani dattijo ne da ya haura saba'in. Tun a mota na gaya masa za mu tsaya mu yi asuba, bai yi mita ba, ya kashe fitila ya jira mu a bakin shinge har muka sallame. Kafin mu shiga gona ya sa ƙanina ya cire farar hularsa ya cusa a aljihu. Ya ce fari da ja da shuɗi launin kan namijin talotalo ne, wani maharbin zai iya hangowa cikin duhu-duhu ya sakar maka wuta. Muka taka kamar minti ashirin, sai ya tsaya, ya haɗa tafin hannu a baki ya yi kukan mujiya. Bai rufe baki ba wani namiji ya amsa daga kan bishiya can bakin rafi, da wata irin ƙara mai gurgura da na ji ta har a ƙirjina. A kan itace suke kwana, kamar zabin daji, kuma a wannan lokacin na barbara namijin ba ya iya jin ƙara ya yi shiru.

Muka jingina da wata ƙatuwar bishiya a gefen gonar da aka girbe waken suya bara. Ya kafa macen talotalo ta roba kamar taku ashirin a gabanmu, ya zaro wani ɗan akwatin katako mai murfi. Murfin yake gogawa a bakin akwatin, an shafe shi da alli, sai ka rantse mace ce take kuka. Doka ta hana kira da na'ura, ta hana zuba tsaba, ta hana kare, saboda haka hannun mutum da haƙurinsa ne kawai jarinsa. Sai na tuna kakana, Allah ya jiƙansa, da yake ba mu labarin yadda yake ɗaura kan burtu a goshi yana rarrafe har ya shiga tsakiyar namun daji. Dabara ɗaya ce, ka sa dabba ta ɗauka ɗan'uwanta ne.

Gari na wayewa tsuntsun ya diro. Ya buɗe bindi kamar mafici, ya saki fukafukai suna jan ƙasa, kansa yana sauya launi daga ja zuwa fari. A ɗabi'arsu macen ce take zuwa wurin namiji, don haka jawo shi gare ka juya masa al'ada ne, shi ya sa yake tafiya yana tsayawa. Ya zo kamar taku saba'in ya toge. Bindigar nan mai watsa ƙwayoyin dalma kuwa in ya wuce taku arba'in raunata shi kawai za ka yi. Fiye da rabin sa'a muna zaune ko ƙifta ido da ƙyar, don ganinsu ya fi na mutum nesa ba kusa ba. Dattijon ya ajiye akwatin ya yi tsit, sai dai ya riƙa sosa busassun ganyaye da hannu, kamar mace tana tono. Wallahi sai ga shi ya naɗe bindi ya nufo mu. Taku sittin. Hamsin. Ƙanina ne a gaba, ya riga ya ɗora bindiga a gwiwa, ina jin numfashinsa.

Sai ga tarakta. Ta shigo ta ƙofar gonar da fitilu a kunne, tana jan injin shuka. Tsuntsun ya miƙe wuya sau ɗaya, ya ruga, ya tashi ya haye rafi. Shi ke nan. Ƙanina ya juyo ya ce, “Yaya, me ke nan?” Na rasa abin da zan ce masa. Dattijon kansa sai da ya cire hula ya buga a cinya.

Manomin ba shi da laifi ko kaɗan. Gonarsa ce, Afrilu lokacin shukar masara ne, ƙasa ta tsane, ba zai jira wani maharbi ba. Masu wurin nake tuhuma. Su suka karɓi hayar gonar, suna da lambar mutumin, kira ɗaya da daddare ya isa su san gobe da safe za a shiga da tarakta, su kai mu wata gonar. Da na yi wa mai kula da masaukin magana sai ya ɗaga kafaɗa ya ce haka farauta ta gada. Ruwan sama ne farauta ta gada, ko iska, ko tsuntsu ya bi mata ya ƙyale ka. Wannan sakaci ne. Na ce to mu koma da yamma, tunda daga 2024 an yarda a yi harbi a gonakin mutane har faɗuwar rana. Ya ce aikin jagora da tsakar rana yake ƙarewa. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba lokacin da suke karɓar kuɗina.

Da la'asar sakaliya ina kwance ina tunanin haɗa kaya, sai dattijon ya ƙwanƙwasa ƙofa. Da motarsa ya zo, ba wanda ya aiko shi. Ya kai mu wani tudu muka zauna har magariba, muna sauraron inda tsuntsayen za su hau su kwana. A nan ya ba mu labarin cewa yana yaro ko ɗaya bai taɓa gani ba a yankin. Farkon shekarun 1950 waɗanda suka rage a duk jihar ba su wuce 2,500 ba, sai daga 1954 aka fara kamo su da raga ana sakinsu gunduma-gunduma, har aka sake buɗe farautar a 1960. Yadda yake maganarsu kamar mai maganar jikokinsa.

Washegari kafin ƙarfe bakwai an gama. Namijin ya diro ya nufo macen roba kai tsaye, taku talatin. Na yi bisimilla na danna kunama, na ruga da wuƙa na same shi da sauran rai na yanka. Na yi zaton dattijon zai yi mamaki, sai kawai ya durƙusa ya danne min fukafukan. Nauyinsa ya kusa kilo 10, gemun ƙirjinsa inci 10, ga ƙaimi mai tsini. Ya tsaya a kaina har na yi rajistarsa a waya ta Telecheck, tsarin da ake sanar wa hukumar jihar abin da aka harbo. A wannan lokacin da wani ya tambaye ni, da na ce ku je ido rufe.

To amma ƙanina fa? Mun zauna masa har tsakar rana, ko motsi babu, harbin safe ya watsa su. Hutu ya ɗauka a wurin aiki, ya tuƙo mota sa'a shida, ya koma hannu rabbana. Tsuntsunsa shi ne wanda taraktar ta kora. Sannan da daddare muka tsinci kaska a jiki, ni bakwai, shi ya fi goma, har da mai farin ɗigo a baya, wadda cizonta kan sa wasu su daina iya cin jan nama. A doguwar takardar abubuwan da suka ce mu zo da su babu ko kalma ɗaya a kan fesa wa tufafi maganin kaska. Abincin safe kuma, duk da na faɗa tun a waya, kwana biyun da naman alade a ciki, shayi da burodi muka sha. Suka so ƙara min kuɗin gyaran tsuntsu, gyaran ma ƙirji kawai za su yanko su zubar da saura. Na ƙi. Na kawo shi gida ɗungurungum, uwargida ta yi farfesun cinyoyin, sai da suka sha wuta sa'a uku don tauri, ɗanɗanon kuwa ya fi kusa da na zabo fiye da talotalon kanti.

Na karɓi lambar dattijon kafin mu rabu. Ya ce yana da wani ɗan'uwa mai gonar kiwo da ba a shiga da tarakta, in Allah ya kai mu baɗi can zan kai ƙanina, kuma shi zai zauna a gaba.