Yawon Ƙafa a Gandun Chatsworth da Abin da Fam Uku Ke Saya

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ga amsar tambayar da ka yi mini a kan abin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya mora a Ingila ba tare da albashinsa ya ƙare a hanya ba. Tsadar hayar gida da ta gas a nan Sheffield na riga na ba ka labarinsu, kuma babu abin da ya sauya. Amma na tarar da wani abu mai araha ƙwarai wanda da farko ban ma lissafa shi cikin hidimomi ba, wato hanyar ƙafa da ke ratsa karkara, da motar bas da ke kai mutum har bakinta.

Ranar Asabar na shiga bas mai lamba 218, wadda ke tashi daga tsakiyar Sheffield zuwa garin Bakewell, ta bi ta ƙauyen Baslow da gandun Chatsworth. Fam 3 na biya, domin tun watan Janairun 2023 gwamnati ta sa iyaka ga kuɗin tafiya ɗaya a yawancin bas-bas na Ingila, da farko fam 2, sannan aka mai da shi fam 3 a farkon 2025. Babu ɗan kamasho, babu kwandasta, direba ne kaɗai, kuma katin banki ake ɗorawa a kan na'ura a wuce. Abin da ya fi burge ni shi ne motar tana tashi a lokacin da aka rubuta a allo ko da fasinja huɗu ne a ciki, alhali ka san wanda zai je Tiga ko Falgore daga Kano sai ya zauna a tasha har mota ta cika. Sai dai kada a zalunci namu tsarin. A gida, duk inda dare ya riske ka za ka sami ɗan acaɓa ko mai a-kori-kura da zai rage maka hanya, amma a nan wanda motar ƙarshe ta wuce shi a ƙauye sai ya kira tasi, kuɗinta kuwa zai ninka na bas sau da yawa.

Chatsworth gidan sarautar Duke na Devonshire ne, wato wani babban basarake mai sarautar gado a Ingila, kuma iyalin Cavendish ne ke riƙe da wurin tun 1549. Shiga cikin gidan da lambunsa sai da tikiti, kuma tikitin ba na wanda yake aika kuɗi gida duk ƙarshen wata ba ne, don haka ban shiga ba. Amma filin da ya kewaye gidan, mai faɗin eka 1,000, a buɗe yake ga duk wanda ya zo da ƙafa, ba a karɓar ko kwabo. Na sauka a Baslow, na shiga ta wata ƙofar ƙarfe mai juyawa wadda mutum ke wucewa amma dabba ba ta iya fita, na bi gefen kogin Derwent har na hango gidan. Tumaki na kiwo ba makiyayi, bareyi kuma na kwance a inuwar itatuwa ba su damu da masu wucewa ba. Wanda bai sani ba zai ɗauka haka Allah ya halicci wurin, alhali hannu ne ya tsara shi: wajen shekarun 1760 wani mai tsara filaye, Capability Brown, ya sake fasalin wurin gaba ɗaya domin mai gida ya leƙa ta taga ya ga abin da zai faranta masa rai. Daga waje ma ana hango feshin maɓuɓɓugar da Joseph Paxton ya gina a 1844 domin tarbar Sarkin Rasha Nicholas na ɗaya, wanda a ƙarshe bai zo ba. Ruwan daga wani tafki da aka haƙa a kan tudu yake gangarowa, kuma nauyinsa ne kawai ke cilla shi sama, babu inji.

Da na haye gadar dutse mai baka uku sai na isa ƙauyen Edensor, wanda labarinsa ya nuna mini irin ikon da masu wannan gandu suka taɓa yi. Tsakanin 1838 da 1842 Duke na shida ya ƙarasa tayar da tsohon ƙauyen daga mazauninsa, aka sake gina shi a bayan tudu, saboda yana ɓata masa kallo daga gida. Gida ɗaya ne kawai ya rage a tsohon wurin, yana nan har yau shi kaɗai. Daga Edensor hanya ta hau tudu ta sauka cikin kurmi zuwa Bakewell, tafiyar kusan kilomita 5, kuma a can na sake kama bas ɗin zuwa gida. Mai sauran ƙarfi zai iya ƙarawa da hanyar Monsal, tsohon layin dogo da aka rufe a 1968 aka mai da shi hanyar masu ƙafa da masu keke.

A nan ne nake so ka tsaya, Yaya, domin shi ne dalilin wannan wasiƙa. Filin gidan alheri ne na masu shi, amma yawancin hanyoyin da ke ratsa gonaki da makiyayan wannan yanki haƙƙi ne da doka ta ba jama'a. Ingila da Wales na da irin waɗannan hanyoyi masu tsawon kusan mil 140,000, kuma tun 1949 wata doka ta ɗora wa hukumomin gundumomi su riƙe taswirar da ta nuna kowace. Mai gona ba shi da ikon toshe hanyar da ke cikin taswira, kuma idan ya yi huɗa ya bi ta kanta, kwana 14 doka ta ba shi ya daidaita ta. Kibiya mai ruwan ɗorawa a jikin turke na nufin hanyar ƙafa, shuɗiya kuma na nufin mai doki da mai keke ma za su iya bi. Abin da ake nema daga mai tafiya kaɗan ne: ya bar ƙofar shinge yadda ya same ta, kada ya kauce ya shiga shuka, mai kare kuma ya riƙe shi da igiya kusa da tumaki.

Ba kyauta aka sami wannan ba. Ranar 24 ga Afrilun 1932 ɗaruruwan matasa ma'aikata, akasarinsu daga Manchester, suka hau tsaunin Kinder Scout da gangan, wanda a lokacin an keɓe shi domin farautar tsuntsaye ta masu hali. Suka yi arangama da masu gadin farauta na Duke na Devonshire, aka ɗaure biyar daga cikinsu, ciki har da jagoransu Benny Rothman. A 1951 wannan yanki na Peak District ya zama gandun shaƙatawa na ƙasa na farko a Birtaniya, a shekara ta 2000 wata doka ta buɗe tsaunuka da dazuzzukan ciyawa ga masu tafiya, a 2002 kuma Duke na goma sha ɗaya ya tsaya gaban taro ya nemi afuwa a kan abin da aka yi a zamanin kakansa.

Ina cikin tafiya sai burtalin da ke bayan gonarmu ya faɗo mini a rai. Mu ma muna da hanyar da kowa ya yarda ta jama'a ce, wadda dabbobi ke bi zuwa mashaya ba tare da sun taɓa amfanin gona ba, kuma dagaci da mai unguwa sun san iyakarta. Bambancin da na gani shi ne tamu a ƙwaƙwalwar dattawa take, duk damina kuma sai garma ta ɗan ci gefenta, har ta zama siririyar da saniya biyu ba sa jerawa, daga nan rigimar manomi da makiyayi ta tashi. Tasu kuwa an zana ta a takarda, an kafa mata turke, kuma akwai ofishin da za a kai ƙara idan wani ya sa mata waya. A ganina ba su fi mu sanin haƙƙin hanya ba, rubutu da bibiya suka fi mu.

Game da kaya kuwa, tafiyar kyauta ce amma shirinta ba kyauta ba ne. Ƙasar laka ce da yayyafi, kuma takalmin da na zo da shi daga gida ya jiƙe sharkaf kafin na kai gada. Sabon takalmin tafiya da rigar ruwa suna da tsada, amma shagunan ƙungiyoyin agaji na sayar da na hannu, irin gwanjonmu, cikin rahusa, kuma a can na sayi nawa. Taswirar yankin da Ordnance Survey, hukumar zana taswira ta Birtaniya, ta buga, mai lamba OL24, ta ɗara fam 10, amma tana nuna kowane shinge da kowace ƙorama, kuma ta fi waya amfani a kwarin da babu sabis. Kofin shayi a Bakewell ya kusa kai kuɗin motar da ta kawo ni, kuma babu gidan da za ka yi sallama a miƙo maka ruwa a moɗa kamar yadda ake yi wa baƙo a ƙauyukanmu, duk da cewa masu tafiya kan gaisa da juna a hanya fiye da yadda ake yi a birni. Shagon gonar gandun da ke Pilsley, wanda aka buɗe a 1977, cike yake da nama da cuku masu kyau, amma ba yankanmu ba ne, saboda haka guzurina nake ɗauka daga gida, da gorar ruwan alwala, in yi azahar a gindin itace.

Idan Allah ya nufa ka zo, ka daidaita zuwan da tsakanin Mayu da Satumba, domin a watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, kuma ranar Lahadi motocin kan ragu. Ka gaishe mini da Inna, ka ce mata tumakin nan sun fi namu gashi amma ba su kai balaminta tsayi ba.