Seestar S50 da gajimaren Orion

Wannan na'urar hangen nesa ƙarama ce, faɗin gilashinta milimita 50 kacal, amma wallahi ta burge ni. Na kafa ta a tsakar gida, na zaɓi M42 a waya, wato gajimaren Orion, tarin iska da ƙura a can cikin taurari, da kanta ta juya ta nemo shi. Hoton daƙiƙa 10 take ɗauka tana ɗora wani kan wani, sai ga jan hasken iskar haidurojin da ke cikin gajimaren yana fitowa sannu a hankali, hasken da ya yi tafiyar shekara fiye da 1,300. Matatar hasken da ke cikin na'urar tana rage hasken fitilun unguwa sosai. Jupita kam ɗan mitsitsi yake fitowa, ba don shi aka ƙera ta ba. Daren hazo kuma a haƙura kawai.