Manhajar iNaturalist ta gano min ɓarawon masarata

Jama'ar Agege masu ɗan shuka a bayan gida, dan Allah ku sauke iNaturalist a wayarku, manhaja ce da in ka saka hoton ƙwaro ko tsiro za ta gaya maka sunansa, kyauta ce data kawai take ci. Ni masara ce da ni layi shida a bayan gidan da muke haya, ganyen duk ya huhhuje kamar an yi masa harbi, in ka leƙa tsakiya inda sabon ganye ke fitowa sai ka ga kashi kamar garin katako.

Wani dare na ga wani malam-buɗe-littafi irin na dare, toka-toka, ya lafe jikin bango kusa da ƙwan lantarki, ƙarshen fikafikansa da ɗan fari. Na ɗauke shi hoto na saka, nan take ta kawo min sunaye, na farko Spodoptera frugiperda, wato sunansa na kimiyya. Washegari na zaro tsutsa ɗaya daga cikin masara na saka ita ma, suna ɗaya ya sake fitowa. Ashe uwa da ɗiya ne, wallahi ban taɓa haɗa su ba.

Abin da ya fi burge ni, bayan na'urar akwai mutane masu duba hoton su tabbatar. Wani ya ce in duba kan tsutsar akwai alamar Y a kife, wajen wutsiya kuma ɗigo huɗu baƙaƙe sun yi murabba'i. Na duba, ga su nan ras.

Asalinta ma ba 'yar nan ba ce, daga nahiyar Amurka ta zo, can a Florida da Texas take shan hunturu, sai farkon 2016 aka fara ganinta a Afirka kuma Najeriya na cikin wuraren farko. Macen tana zuba ƙwai ɗari zuwa ɗari biyu a dunƙule ta lulluɓe su da wani gashi-gashi, kwana biyu ko uku sun ƙyanƙyashe, tsutsar ta yi kamar sati biyu tana ci, sai ta sauka ta shige ƙasa ta naɗe kanta, bayan kwana takwas ko tara ta fito da fikafikai. Wata guda kenan fa, a zafin Legas kuma babu sanyin da zai tsayar da su.

Yanzu bayan sallar asuba ganyen nake bi ina murƙushe ƙwan tun bai fashe ba. Shawara ɗaya, hoton dare ku haska da tocilan ku matso kusa sosai, in ya yi dishi-dishi manhajar ba za ta iya tantancewa ba.