Haramta Pit Bull Ko Hukunta Mai Kare?

Ana yawan tambayata wanne ya fi: a haramta pit bull, wani nau'in kare mai ƙarfi, ɗungurungum, ko a kama mai karen da laifi?

Birtaniya ta zaɓi haramci a 1991. Sauƙinsa shi ne doka ta ambaci suna, shi ke nan. Wahalar tana wajen gane karen. Pit bull ba jini ɗaya ba ne, don haka jami'ai kan auna kai da ƙirji da tef, sai a tafi da kare mai sanyin hali saboda siffarsa kawai. Ga kuma kuɗin tsare shi kafin kotu ta yanke hukunci. Holand ta gwada haramcin daga 1993, ta soke a 2008.

Hanyar birnin Calgary na Kanada kuwa lasisi ce da tara ga mai sakaci. Tana buƙatar ma'aikata da yawa, kuma sau da yawa sai an yi cizo take motsawa. Cizon pit bull kuwa ba wasa ba ne.

Garin da masu haɗa karnuka faɗa suka addaba, haramci zai fi yi masa sauri. Inda ake rajista da bin diddigi, hukunta mai kare ya fi ɗorewa.