Tsaunin Gotthard: na bi ta ƙasa, na dawo ta tsohon layi

A watan Yuli na tashi daga Zurik zuwa kudancin Suwizalan, na yi niyyar gwada layukan jirgin ƙasa biyu da suka ratsa tsaunin Gotthard. Da tafiya na bi sabon ramin da aka buɗe a 2016, mai tsawon kilomita 57, wanda babu ramin jirgi irinsa a duniya wajen tsawo. Ba girgiza, ba hayaniya, wajen minti 20 sai ga mu a yankin masu jin Italiyanci. Ga mai sauri babu kamarsa. Ni kuwa duhu kawai na gani ta taga.

Dawowar ce ta biya ni kuɗina. Na hau jirgin da ke bin tsohon layi, yana hawa a hankali, yana shiga cikin dutse ya yi zagaye ya fito a sama da inda ya shiga. Daga Airolo muka kutsa tsohon ramin da aka buɗe a 1882, kilomita 15, muka ɓullo a Göschenen. Nan na sauka na hau ƙaramin jirgin da ke bi ta kwazazzabon Schöllenen zuwa Andermatt, ruwa na ruri a ƙarƙashinmu.

Da hunturu garin na masu wasan zamiya kan dusar ƙanƙara ne, suna hawa tsaunin Gemsstock mai tsayin mita 2,961. Da na je, ciyawa ce shar, shanu a kan gangara kowace da ƙararrawa a wuya. Makiyaya kan hau da su sama idan ƙanƙara ta narke, su sauko kafin sanyi, cukun ma a can sama ake yin sa. Wallahi na daɗe a tsaye ina saurare. Fulanin garinmu na tuna da tafiyarsu mashekari, sai dai waɗannan ƙafar shanunsu sama take yi, ba kudu ba.

Abinci a garin akwai tsada, kuma naman halal ban same shi ba, burodi da cuku na ci. A tafi da guzuri da rigar sanyi, iskar yamma tana da kaifi ko a Yuli.

Kada a yi gyangyaɗi bayan Göschenen. Wajen gangarowa cocin ƙauyen Wassen yakan bayyana sau uku saboda juyin layin, fasinjoji na tashi daga wannan taga zuwa waccan. Ni ma da wayata a hannu na bi su.